Yawan nasara a kakar besbol ba shi ne kofi ba

An daɗe ana ɗauka cewa ƙungiyar da ta fi kowa cin wasanni a kakar besbol ta Amurka ita ce zakarar shekarar. Wanda ya saba da gasar ƙwallon ƙafa ta Ingila, inda mai saman teburi ke ɗaga kofi, yana da uzuri idan ya yi wannan zato, sai dai tsarin besbol daban yake.

Wasannin kaka tikiti kawai suke bai wa ƙungiya na shiga zagayen ƙarshe, wanda ake rufewa da karawar World Series, inda wadda ta fara cin wasa huɗu take zama zakara. Kakar 1906 ta ishe mu misali. A shekarar, Chicago Cubs ta ci wasa 116, aka doke ta sau 36 kacal, amma maƙwabciyarta Chicago White Sox, wadda ta ci 93, ta lallasa ta a World Series da wasa huɗu da biyu. Dalilin a fili yake: a 'yan kwanakin karawar, masu jifa (masu jefa wa mai riƙe da sanda ƙwallo) biyu ko uku da hannunsu ya faɗa suna iya rushe aikin wata shida. Haka ta faru da Cleveland a 1954, bayan nasara 111 ba ta ci ko wasa ɗaya ba a hannun New York Giants.

Mai son tabbatarwa ya duba tarihin kowace kaka a intanet, ya bambanta teburin kaka da sakamakon zagayen ƙarshe, domin a rabe ake rubuta su. A taimaka a tura wannan bayani ga sauran masu sha'awar wasanni.