Yaye ba ya mayar da yaro hannun uba

Tun da wata bazawara a Tudun Wada ta karɓo 'ya'yanta biyu ta hannun alƙali, magana ta bazu a majalisun Zariya wai an shigo da sabuwar doka mai ƙwace yara daga iyaye maza. Babu wata sabuwar doka. Kotunan shari'a suna hukunci ne da fiƙihun Malikiyya, wanda ke cikin Risala da Mukhtasar ɗin da ake karantawa a zaurukan cikin birni tun kaka da kakanni. Al'ada ce ta saba mana da aikowa a ɗauki yaro ranar da aka yaye shi, har muka zaci addini ne.

A mazhabarmu, idan aure ya mutu uwa ce ta fi cancanta da riƙo, wato hadana: namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. Zancen shekara 7 da ake yawan kawowa daga wasu mazhabobin ya fito. Ci da sha, sutura da magani kuwa suna wuyan uba ko da yaron ba ya kwana gidansa, kuma shi ne dai waliyyi. Alƙali kan yanka kuɗin ciyarwa gwargwadon samun uban, ya kuma tsayar da yadda zai riƙa ganin ɗansa.

Inda aka fi rikicewa shi ne auren uwa. Gaskiya ne in ta auri wanda ba muharramin yaron ba, ta kuma tare, haƙƙinta ya faɗi. Amma ba hannun uba yake faɗawa ba. Kakar yaron ta wajen uwa ce ke biye, sannan 'yar'uwar uwa, kuma ko an juyo dangin uba, mahaifiyar uban tana gabansa a layi. Mai cewa "bari ta yi aure in kwashe 'ya'yana" bai karanta babin ba. Akwai ma wata gaɓa da ba a cika faɗa ba: wanda riƙon ya kamata ya koma wajensa, in ya san da auren ya yi shiru har shekara guda, ya bar wa uwa ke nan. Ni dai ban ga zalunci a wannan jeri ba. Duk wanda ya taɓa ganin ɗan shekara 3 a tsakar gidan matar uba ya san dalilin da malamai suka sa mata a gaba.

Ba kuma lasisi ba ne ga uwa. In aka tabbatar da sakaci, rashin amana ko ciwon da ke hana ta kula da yaro, alƙali zai karɓe.

Masu auren rajista su Babbar Kotun Jiha ke sauraro, ƙarƙashin dokar aure ta 1970, wadda ta fifita maslahar yaro a kan komai.

Wanda hukunci bai yi wa daɗi ba yana da hanyar ɗaukaka ƙara, har Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a da ke Kaduna, wadda sashe na 277 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba hurumi kan irin wannan shari'a. Tare yaro a hanyar Islamiyya a ɗora shi kan babur bayan an yanke hukunci kuwa raina kotu ne, kuma alƙali na iya sa a tsare mutum a kansa.