Tara zanen bugu na monotayif da ecin

Monotayif da ecin hanyoyi ne guda biyu na buga zane a kan takarda da hannu, kuma akwai masu tara su musamman masu launi-launi waɗanda babu siffar mutum ko dabba a ciki, sai layuka da kaloli kawai.

Shi ecin, farantin jan ƙarfe ake shafe wa kaki, mai zane ya karce abin da yake so da allura, a tsoma a asid ya ci wuraren da aka karce, sai a cusa tawada a ramukan a goge saura, a ɗora takarda mai danshi a matse da inji. Daniel Hopfer na Jamus ake dangantawa da fara shi wajen 1500, Rembrandt, shahararren mai zane ɗan Holland, kuma ya bar kusan guda 300. Faranti ɗaya na fitar da kwafi da yawa, shi yasa zaka ga an rubuta 5/30 da fensir a ƙasa, wato na biyar cikin talatin.

Monotayif kam babu karce, fenti ake shafawa a gilashi ko faranti mai santsi a matse kafin ya bushe, kwafi ɗaya tak, in an sake bugawa sai ya fito dishi-dishi. Castiglione ɗan Italiya ya ƙirƙiro shi a shekarun 1640. A Najeriya in ana maganar zanen bugu dole a ambaci Bruce Onobrakpeya, wanda yayi karatu a Zariya.

A Bauchi zanen da babu siffar mutum ko dabba a ciki yafi saukin shiga falo, tunda gidaje da yawa ba sa rataye hoton mai rai. Matsalar ita ce gane na gaske, don wasu hoto ne kawai aka fitar a firinta aka sa a firam. Duba gefe, ecin na barin shatin faranti a lotse cikin takardar, tawadar ma tana ɗan tasowa in ka haska ta gefe da tocila.

Ajiya kuma ita ce babban aiki gaskiya. Rana na kashe kala, ƙurar hunturu na shiga ta bayan firam, danshin Agusta na kawo ɗigo-ɗigon ja, ga gara. Kar a bari takardar ta taɓa gilashi, kuma a ja wa mai firam kunne kar ya manna salatif a jiki, gam ɗin na barin tabo rawaya da baya fita.