Mene Ne Fentin Ruwa?

Idan masu zane suka ce fentin ruwa, suna nufin garin launi da aka kwaɓa da ƙaro, wanda ake narkar da shi da ruwa a shafa wa takarda da burushi. Ƙaron shi ne ke riƙe garin a jikin takarda bayan ruwan ya bushe. Sunan yana iya rikita mutum, domin akwai fenti iri-iri da ake sirkawa da ruwa, har da na shafen bango. Abin da ya ware wannan daga saura shi ne shara-shara yake. Haske yana ratsa launin, ya tarar da farar takarda, ya dawo wa idon mai kallo. Shi ya sa zanen yake zama kamar an kunna masa fitila daga ciki.

Daga nan duk wahalar aikin ta samo asali. Mai fentin ruwa ba shi da fari sai farin takardarsa. Inda yake son gajimare ko ƙyallin ido, dole ya bar wurin babu shafe tun farko, ya yi ta kewaye shi. Yana farawa da launi mai haske, ya bari ya bushe, ya ɗora mai duhu a kai. In ya yi kuskure ya duhunta wuri, da wuya ya dawo da shi yadda yake. Ga shi kuma launin yakan kwanta ya yi haske bayan ya bushe, sai mutum ya koyi hasashen abin da bai gani ba tukuna. A ganina wannan ne ya sa aikin yake da daraja: kafin burushi ya taɓa takarda an riga an yanke shawarar abin da za a bari.

Takardar ma ba kowace ba. Wadda aka fi so ta auduga ce, mai nauyin giram 300 a kowace murabba'in mita, domin siririya takan lanƙwashe da zarar ta sha ruwa. Masu gwaji sukan jiƙa takardar kafin su ɗiga launi, su bar shi ya yi naso yadda ya ga dama. Wasu sukan barbaɗa gishiri a kan ɗanyen shafe, ya tsotse ruwan ya bar tabo kamar taurari.

Fasahar ta daɗe. Zanen zomon da Albrecht Dürer na Jamus ya yi a 1502 har yau ana kallonsa ana mamakin gashin. Kamfanin Winsor & Newton, da aka kafa a Landan a 1832, ya riƙa sa gilisirin, wani ruwa mai kauri da ke riƙe danshi, a cikin fentin don kada ya sandare, abin da ya sauƙaƙa wa masu zane fita da shi waje.

Tawada ma tana da nata wurin a wannan aiki. Fentin ruwa yana da taushi, gefensa ba kaifi, don haka da yawa sukan haɗa shi da baƙin layi na tawada ya riƙe siffar. Tawadar da ake kira ta Indiya kunkunniya ce a cikin ruwa, kuma irin wadda aka sa wa shalak, wani danƙo da ake samu daga wani ƙwaro, ba ta narkewa in ta bushe. Da ita ake zana layi a shafa launi a kai lafiya lau. Wadda ke narkewa kuwa, ruwa na taɓa ta za ta bazu ta ɓata launin. Amma akwai masu neman wannan nason da gangan, su ja inuwa daga jikin layin da jiƙaƙƙen burushi, kuma in hannu ya ƙware abin yana da kyau ƙwarai.

A wajen fasta, wato takardar talla da ake liƙawa a bango, fentin ruwa yake gazawa. Fasta daga nesa ake karanta ta, mai wucewa kallo ɗaya zai yi mata. Tana bukatar launi shimfiɗaɗɗe mai ƙarfi da rubutu ɓaro-ɓaro, irin wadda mai zane Toulouse-Lautrec na Faransa ya yi wa gidan rawa na Moulin Rouge a birnin Faris a 1891. Don haka masu tsara fasta suka fi karkata ga gwash, ɗan'uwan fentin ruwa ne da aka yi shi da kauri, sau da yawa da ƙarin farin gari irin alli, har ya rufe abin da ke ƙarƙashinsa. Dürer ma da shi ya fito da fararen gashin zomonsa. Yanzu wasu sukan yi shafen ruwan a takarda, su ɗauki hotonsa su sa a kwamfuta, sannan su ɗora rubutu a kan wurin da suka bari fari.