Daga zanen AutoCAD zuwa samfurin 3D: tambayoyin masu zane a Damagaram

Masu zana tsarin gidaje da matasan da ke koyon aikin a Damagaram sun fi yawan yin waɗannan tambayoyi, musamman idan mai gida ya ce shi bai gane layuka a takarda ba, yana so ya ga gidansa a tsaye.

Tambaya: Malam, ina da zanen gida a fayil ɗin DWG, irin wanda manhajar zane ta AutoCAD ke adanawa. Wace manhaja ce za ta mayar mini da shi 3D kai tsaye?

Amsa: Babu ita, ɗan'uwa. Zanen da ka yi kwance yake, tsawo da faɗi kawai gare shi. Bai san bangon zaure mita uku ne ko huɗu ba, kuma kwamfuta ba ta duba. Kai za ka tayar da shi. Fara da share zanen: umarnin OVERKILL yana cire layukan da suka hau kan juna, JOIN yana haɗa guntaye su zama layi guda rufaffe. Sannan ka ba bango tsayi da EXTRUDE ko PRESSPULL. Idan layin bai rufu ba, ko da kafar ba ta kai ƙwayar gero ba, abin da zai fito fatar bango ce marar ciki. Da yake yawancinmu a nan AutoCAD na Faransanci muke buɗewa, sa ƙaramin layin ƙasa a gaban umarnin, kamar _EXTRUDE, zai karɓa.

Tambaya: To na tayar da shi. A wane irin fayil zan fitar?

Amsa: Ina zai je? Wannan za ka fara tambayar kanka.

In na'urar ɗab'in 3D za ka kai wa, STL. Kamfanin 3D Systems ne ya fito da shi a 1987, kuma abin da ke cikinsa kawai ƙananan siffofi ne masu kusurwa uku da aka jera suka lulluɓe jikin abu, ba launi, ba sunan kayan gini. In kuwa ƙarfe ne za a sassaƙa da inji, ko wani injiniya zai ci gaba da aikin, STEP za ka ba shi, wato ma'aunin ISO 10303 da aka fara fitarwa a 1994. A cikin STEP, rami mai faɗin milimita 20 yana nan a matsayin da'ira ta gaskiya da za a iya aunawa a gyara. Ramin nan a STL ya koma tarin gefuna. Shi ya sa nake ganin ganganci ne a aika wa mai injin sassaƙa STL alhali ana da halin ba shi STEP.

Don nuna wa mai gida da launi, akwai OBJ, amma yana tafiya da ɗan rakiyarsa MTL, fayil ɗin da ke ɗauke da bayanin launukan, in ka manta shi gida ya fito fari fat. GLB ya fi sauƙin turawa a waya tunda komai a fayil guda yake. Babban gini da ofisoshi da yawa ke aiki a kai kuma IFC ake so, domin shi ya san wannan bango ne, wannan ƙofa ce.

Tambaya: Na zana tulluwa da bakan gizo irin na tsofaffin gidajen Birni, amma a STL sun fito da gefe-gefe kamar an fere kabewa. Me ya jawo?

Amsa: Siffofin masu kusurwa uku ne suka yi kaɗan. A AutoCAD, saitin da ake kira FACETRES ne ke kula da haka. Yana zuwa a kan 0.5, ana iya ɗaga shi har 10. Ɗaga shi kafin ka yi STLOUT, umarnin fitar da STL, tulluwar za ta yi sumul. Sai dai fayil zai yi nauyi, kuma a bango miƙaƙƙe ba abin da zai ƙara. Kula da ɗigo: 0.5 AutoCAD yake karɓa, ba 0,5 ba; waƙafin da muka saba da shi tun lakwal yana amfani da shi ne wajen raba lambobin wuri.

Tambaya: Ƙofar da na zana mita biyu ta buɗe a wata manhaja ba ta kai tururuwa ba.

Amsa: STL ba ya riƙe ma'auni, lamba 2 kawai ya ɗauka. Kai mita kake nufi, manhajar ɗab'i ta karanta milimita. Ninka da 1000. In ka ga bambancin 25.4 ne, to inci da milimita ne suka sarƙe. Fayil ɗin 3MF yana ɗauke da ma'auninsa, in na'urar tana karɓa ka huta.

Tambaya: Ba ni da kuɗin lasisin AutoCAD. Akwai mafita?

Amsa: FreeCAD kyauta ne, yana buɗe DXF, wato fayil ɗin musayar zane tsakanin manhajoji, yana fitar da STEP da STL da OBJ. Don DWG sai ka haɗa shi da ODA File Converter, manhajar da ke juya DWG zuwa DXF, ko ka roƙi wanda ya yi zanen ya adana maka a DXF. Blender ma kyauta ne, ya fi kyau wajen launi da haske, ba wajen awo ba. Shafukan intanet masu juya fayil suna aiki, amma ka tuna zanen ɗakin kwanan mutane kake ɗora wa wanda ba ka sani ba.

Tambaya: DWG ɗin ya ɓace, STL kawai ya rage. Zan iya komawa baya?

Amsa: Gari ba ya komawa tsaba. FreeCAD zai iya mayar da shi dunƙulallen abu, amma mai dubban fuskoki, ba layukanka na asali, ba rubutun awo. Yawanci ya fi sauri ka buɗe shi, ka auna, ka sake zanawa a kansa.