Taron 'yan mazan jiya a shekarar annoba: abin da aka fasa da abin da aka riƙe

A watan Agustan 2020 ya kamata ƙungiyar tsoffin sojojin Amurka mai suna American Legion ta yi babban taronta na shekara a birnin Louisville na jihar Kentucky. An kafa ƙungiyar a 1919, bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma a wannan taro ne dubban 'yan mazan jiya suke haɗuwa su yi fareti, su zaɓi sabon shugaba, su tsayar da buƙatun da za su kai wa gwamnati. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annoba ranar 11 ga Maris na shekarar. Ba a jima ba shugabannin ƙungiyar suka soke taron ɗungurungum. Shugabanta na lokacin, Bill Oxford, wanda aka zaɓa don shekara ɗaya, sai ya ci gaba da riƙo har aka haɗu a Phoenix ta jihar Arizona a 2021.

Wani zai ce mutanen da suka tsaya gaban harsashi ne za su gudu don tari da zazzaɓi? Mu ma'aikatan lafiya mun sha jin irin wannan magana daga bakin dattawa, kuma amsarta tana cikin shekarun mahalarta. Yawancin waɗanda suka yi yaƙin Vietnam sun kusa saba'in ko sun haura a 2020. Da yawa suna fama da hawan jini, ciwon suga, ciwon zuciya ko matsalar huhu, kuma waɗannan su ne korona ta fi kayarwa. A wani gidan kula da tsoffin sojoji da ke Holyoke a jihar Massachusetts, aƙalla mutum 76 ne cutar ta kashe a farkon annobar. Riga-kafi kuwa bai fito ba sai watan Disamba.

Akwai kuma wani tabo da wannan ƙungiya take ɗauke da shi, wanda duk ɗalibin kiwon lafiya ya taɓa cin karo da shi. A watan Yulin 1976 reshenta na jihar Pennsylvania ya yi taro a otal ɗin Bellevue-Stratford da ke Philadelphia. Aka ci aka sha, aka watse lafiya. Bayan 'yan kwanaki, kowa yana garinsu, sai mutane suka fara kwanciya da zazzaɓi mai zafi da ciwon huhu. Da yake a garuruwa daban-daban suke, kowane likita nasa majinyacin kaɗai yake gani, an ɗauki kwanaki kafin a gane cewa duk daga taro ɗaya suka dawo. Mutum 182 suka kamu, 29 suka rasu. Sai a watan Janairun 1977 wani masani a cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka, Joseph McDade, ya gano ƙwayar cutar, aka raɗa mata suna Legionella. Ba daga mutum zuwa mutum take yaɗuwa ba. A cikin ruwa mai ɗumi take hayayyafa, irin na manyan na'urorin sanyaya gini, sai ta bi feshin ruwan ta shiga iskar da ake shaƙa.

Cutar 1976 daban, korona daban, amma duka biyun ta iskar zaure suka bi, kuma duka biyun ba sa nuna kansu a ranar taro. Korona ma ta fi wayo, domin mutum yana iya yaɗa ta kwana ɗaya ko biyu kafin shi kansa ya ji wani abu a jikinsa. Shi ya sa na'urar auna zafin jiki da ake ɗora wa mutane a goshi a bakin ƙofa ba ta isa kariya ba. Tana tare mai zazzaɓi, ta bar wanda nasa bai taso ba ya wuce yana gaisawa da kowa.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda shugabannin American Legion suka rarraba taron 2020 kashi-kashi. Zaɓe yana iya jira, sai aka bar shi ya jira. Shawarwarin shugabanni ana iya yinsu ta waya da intanet, aka mayar da su can. Wata ƙungiyar tsoffin sojojin ƙasar, VFW, ta intanet ta gudanar da harkokin taronta na 2020. A Birtaniya kuma, inda kusan tsoffin sojoji 10,000 suka saba yin maci a London kowane Nuwamba, an hana jama'a zuwa wurin, aka roƙi mutane su tsaya a ƙofar gidajensu su yi shiru na minti biyu.

Abin da ba ya jira shi ne zumunci. Ga tsohon soja da matarsa ta rasu, 'ya'ya sun yi nisa, wannan taro na iya zama kaɗai lokacin da zai zauna da mutanen da suka san abin da ya gani. Ka soke taron ka yi shiru, ka tsare masa huhu ka bar shi da kaɗaici, kuma kaɗaici yana hana tsoho cin abinci da shan magani. Tun 2019 American Legion take da wani tsari na duba abokin aiki, inda kowane reshe yake ɗaukar jerin sunayen mambobinsa yana kiransu ɗaya bayan ɗaya. Da annoba ta zo sai suka ƙara ƙaimi a kai. Tambayoyin ba masu wuya ba ne: kana lafiya, akwai abinci a gida, maganinka bai ƙare ba, akwai mai kai ka asibiti? Wanda aka samu da buƙata sai a ajiye masa kaya a bakin ƙofa.

Mu ma muna da namu. Akwai ƙungiyar tsoffin sojojin Najeriya da ke fitowa duk 15 ga Janairu ranar tunawa da 'yan mazan jiya, ga ƙungiyoyin 'yan fansho da na tsoffin ɗalibai, kuma yawancin mahalarta dattawa ne. Intanet ba kowane tsoho take yi wa aiki ba, amma ƙaramar waya tana aljihun kusan kowa. Don haka, shugabanni, idan hukumomin lafiya suka sanar da ɓarkewar cuta mai bin iska, ko mura mai tsanani ce ko sanƙarau a lokacin zafi, ku fara duba kundin tsarinku. Ya ba da damar ɗage zaɓe ko tsawaita wa'adi? Idan bai bayar ba, a gyara shi tun ana zaman lafiya, don kada rigimar kujera ta tilasta tara tsofaffi a ɗaki ɗaya.

Idan kuwa taron ya zama dole, a fitar da shi fili, ƙarƙashin rumfa ko inuwar bishiya. In zaure ne a buɗe tagogi da ƙofofi duka, domin fanka a rufaffen ɗaki juya iskar kawai take yi, kamar mai dama kunu a tukunya ɗaya. A rage mutane, kowane reshe ya turo wakili ɗaya ko biyu. A taƙaita jawabai, ko da yake na san wannan ya fi sa takunkumi wahala ga manyanmu. A raba abinci a ƙunshe, a ajiye buta da sabulu a ƙofa. Mai tari ko zazzaɓi ya zauna gida, kuma a faɗa masa tun wuri cewa ba zai rasa rabonsa ko ƙuri'arsa ba, domin tsoron rashin nan ne yake fito da marar lafiya. Doguwar tafiya a mota cike da mutane, gilashi a rufe, ita ma cikin haɗarin take.

Sai littafin rajista. Duk wanda ya shigo a rubuta sunansa, garinsu da lambar wayarsa. Bayan an watse, sakatare ya riƙa bin sawu har mako biyu. Idan aka ji mutum biyu ko uku sun kwanta da zazzaɓi, tari ko sarƙewar numfashi, a sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma a ranar, a kira sauran mahalarta a faɗa musu. Wanda ya je asibiti kuma ya gaya wa likita taron da ya halarta da ranar da aka yi shi, ko ba a tambaye shi ba.