Waiwaye: masu amosanin gaɓɓai da maganar killace kai a lokacin annoba

Tambayar nan ta ko mai amosanin gaɓɓai da ke shan maganin danne garkuwar jiki ya kamata ya kulle kansa a gida in annoba ta ɓarke, tsohuwar tambaya ce, korona dai ce ta fito da ita fili har kowa ya ji. Amma a fara gane wane ciwon ake nufi tukuna, don ba kowane ciwon gwiwa ba ne. Akwai na tsufa da zaizayewar guringuntsi, masu wannan ba su shan irin magungunan nan. Wanda muke magana shi ne wanda garkuwar jikin mutum ce da kanta take juyowa ta far wa gaɓoɓinsa, yatsu su kumbura, mutum ya tashi da safe hannu a sandare ya fi awa guda bai iya dunƙule shi ba, maɓallin riga ma sai an taya shi sakawa. To tunda garkuwar ce ke ɓarnar dole maganin ya rage mata kaifi, daga nan tsoron kamuwa da cuta ya samo asali.

A 1948 ne wani likita Philip Hench da abokan aikinsa a asibitin Mayo na Amurka suka yi wa wata mata da ciwon ya kwantar allurar kotizon, cikin 'yan kwanaki ta miƙe tana tafiya, har abin ya ba shi kyautar Nobel a 1950 shi da wasu mutum biyu. Murnar ba ta daɗe ba, don an ga wanda ya jima yana sha ƙashinsa na yin rauni, suga na hawa, kuma cututtuka na kama shi cikin sauƙi. Sai metotireksat, wanda asalinsa maganin daji ne, aka gano in an ba da ɗan kaɗan sau ɗaya a sati yana kwantar da amosanin, Amurka ta amince da shi don wannan aikin a 1988 kuma har gobe shi ne ake fara bai wa yawancin mutane. A 1998 da 1999 aka fito da allurai masu toshe wani sinadarin kumburi da ake kira TNF, zuwa 2001 rahotanni suka fara zuwa cewa tarin fuka da ya daɗe kwance a jikin wasu ya farka bayan sun fara allurar. Ku lura da abin da likitoci suka yi a lokacin, ba su ce kowa ya shige ɗaki ba, sai aka mai da shi ƙa'ida a yi wa mutum gwajin tibi kafin a fara masa. Haka rituksimab, wani maganin amosanin da ake bayarwa ta ƙarin ruwa, shi kuma ciwon hanta nau'in B yake iya tayarwa, sai ake gwadawa tukuna. Wato tun kafin korona an san kowane magani da irin ƙofar da yake buɗe wa cuta. Ko a murar aladu ta 2009 abin da aka yi wa masu raunin garkuwa shi ne sa su a gaban layin rigakafi.

Sai ga Maris ɗin 2020. Ranar 11 ga wata Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce korona ta zama annoba, ba magani, ba rigakafi, ba wanda ya san me za ta yi wa mai shan metotireksat. Ingila ta tsananta abin sosai, a ƙarshen watan aka fara aika wasiƙu ga mutum kusan miliyan 1.5 cewa su zauna a gida sati 12, ko sayayya kar su fita, a cikin gidan ma su bar tazarar mita 2 tsakaninsu da iyalansu, tawul daban, in da hali banɗaki daban da gado daban. Ka ƙiyasta uwa mai ƙananan yara da aka ce ta ci abinci ita kaɗai a ɗaki, alhali ita ce ma ke buƙatar a kama mata hannu da safe.

Ƙungiyar likitocin gaɓɓai ta Birtaniya ta ga in aka bi sunan ciwo kawai za a kulle mutane da yawa ba dalili, sai ta fitar da wani lissafi na maki. Mai shan firednisolon, wanda dangin kotizon ne, miligiram 20 ko fiye kullum sama da sati 4 maki 3 ne kai tsaye, maganin danne garkuwa guda ɗaya maki 1, biyu ko fiye maki 2, in akwai tsufa ko suga ko ciwon huhu ko na zuciya ko na ƙoda a ƙara 1, wasu magungunan amosanin guda biyu, haidiroksikulorokwin da salfasalazin, kuma sifili. Wanda ya kai 3 ya killace kansa gaba ɗaya, mai 2 ya duba ya zaɓa, ƙasa da haka ya yi taka-tsantsan kamar kowa. Ni a ganina wannan lissafin, duk da zato ne aka gina shi a kai, ya fi kusa da gaskiya fiye da yawancin abin da aka yi ta yaɗawa a lokacin, sabida ya kalli mutum da maganinsa da yawan abin da yake sha.

A watan dai aka shiga wani rikicin. Ministan lafiyar Faransa ya yi gargaɗi a kan aibufurofen, masu ciwon gaɓɓai da yawa suka tsorata da maganin zafinsu, daga baya bincike bai tabbatar da tsoron ba. Shugaban Amurka na lokacin Donald Trump ya yi ta yabon haidiroksikulorokwin, mutane masu ƙoshin lafiya suka kwashe shi daga shagunan magani, masu lufus, shi ma ciwo ne da garkuwa ke far wa jiki, da masu amosani da suka shekara suna sha suka neme shi suka rasa, sai a Yuni babban gwajin RECOVERY na Birtaniya ya nuna ba ya amfanar mai korona da aka kwantar. Amma abin da ya fi damuna cikin duka shi ne waɗanda suka ajiye maganinsu da kansu don tsoro. Mutum ya daina metotireksat yau ba zai ji komai ba, sati na gaba ma lafiya, sai bayan wasu makonni ciwon ya dawo da ƙarfinsa, gwiwa ta cika da ruwa, barci ya gagara, kuma asibiti ba ya ganin mutane ido da ido, to me likita zai ba shi ta waya don ya samu sauƙi da wuri? Firednisolon. An gudu ba a tsira ba kenan, don shi ne maganin da alƙaluma suka zo suka nuna wa yatsa.

Alƙaluman sun fito ne daga wani haɗin gwiwa da likitocin gaɓɓai suka ƙulla a Twitter cikin Maris ɗin, kowa ya riƙa shigar da bayanin majinyacinsa da ya kamu. Wani rahotonsu na mutum 600 daga ƙasashe 40 ya nuna masu shan firednisolon miligiram 10 ko fiye a rana sun fi fuskantar kwanciya asibiti, kusan ninki biyu, masu allurar toshe TNF kuwa da aka fi jin tsoro a kansu haɗarinsu ƙasa ma yake. A 2021 da adadin ya haura 3,700 sai aka ga tsufa da ciwon zuciya da na huhu suna da babban tasiri kamar yadda yake ga kowa, ciwon da ba a shawo kansa ba shi ma haɗari ne, rituksimab kuma ya fito ƙarara a matsayin wanda ya kamata a yi hattara da shi tunda ƙwayoyin jinin da ke ƙera makaman garkuwa yake sharewa na tsawon watanni. Irin wannan rajistar tana da gibi, don likita ya fi tuna wanda ya sha wuya ya shigar da shi, amma binciken wasu ƙasashe ya zo ya nuna wajen guda.

Wani abu kuma da ya rikita lissafin mutane, magungunan danne garkuwar ne suka zama maganin korona mai tsanani. Deksametazon a Yunin 2020, tosilizumab a farkon 2021, sai barisitinib, biyun ƙarshen nan magungunan amosani ne tun asali. Dalili shi ne a mataki na ƙarshe kumburin da garkuwa ke tayarwa ne ke lalata huhu. Wannan ba ya nufin shan su kariya ne, lokacin ba da magani shi ne magana, abin da ke ceton wanda ke kan iskar oksijin yana iya hana jikin wani korar cutar a kwanakin farko, shi ya sa likitoci ke cewa a ci gaba da magani in lafiya ake, in an kamu a kira su don a dakatar da wasu na ɗan lokaci.

To killacewar ta yi amfani? A nan fa an rabu. Ingila ta ɗage ta ranar 1 ga Agustan 2020, ta dawo da ita lokacin kullen hunturu, jerin sunayen ya kai kusan miliyan 3.8 a 2021, sannan aka rufe shirin a Satumban shekarar. Masu bincike a Jami'ar Swansea sun duba mutanen Wales ba su samu hujja bayyananna cewa ta rage kamuwa ba, kuma ba abin mamaki ba ne, wanda aka killace shi ne dai mai yawan zuwa asibiti, kuma 'yan gidansa na fita aiki su dawo. Kuma kwatanta mara lafiya da mai lafiya ba ya nuna abin da zai faru da ba a killace shi ba, don haka ba zan ce aikin banza aka yi ba, a Maris ɗin 2020 da ba a san komai ba ni ma abin da zan ce a yi kenan. Amma an biya farashi, gaɓar da ba ta motsi ƙara sandarewa take yi, an jinkirta gwajin jini da na hanta da mai metotireksat ke buƙata, ga kaɗaici, ga waɗanda har bayan an buɗe gari tsoron fita bai sake su ba.

Zuwan rigakafi a Disambar 2020 ya sauya tambayar, ta koma shin allurar na kama jikinsu. Ga mafi yawa tana kamawa ko da ba ta kai ta sauran mutane ba, shi ya sa Amurka ta ba masu raunin garkuwa damar allura ta uku a Agustan 2021. Gwajin VROOM na Birtaniya a 2022 ya nuna dakatar da metotireksat na sati 2 bayan allurar ƙari yana ninka makaman garkuwa kusan sau biyu, dabarar da aka fara gwadawa a Koriya ta Kudu da rigakafin mura. Masu rituksimab ne har yanzu abin ke wa wuya, wasunsu allura bayan allura jiki ba ya amsawa sosai, dole a daidaita lokacin rigakafi da na ƙarin ruwan maganin, kuma su ne ko bayan 5 ga Mayun 2023 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓacin korona suke da dalilin sa takunkumi a cunkoso, da neman maganin korona na Paxlovid cikin kwana 5 na farko in sun kamu, bayan likita ya duba ko ba ya karo da sauran magungunansu.

In wata annobar ta zo ba lallai ta yi halin korona ba, mura ce ko wata daban, kuma makonnin farko za a sake shiga duhu, ja da baya daga mutane na ɗan lokaci zai iya zama daidai ga mai tarin shekaru ko mai firednisolon da yawa ko mai rituksimab. Amma wanda ke kan magani ɗaya ciwonsa a kwance, ban ga hujjar da za a raba shi da iyalinsa na watanni ba. Kuma don Allah wanda ya daɗe yana shan firednisolon kar ya yanke shi dare ɗaya komai tsoro, jiki ya riga ya rage ƙera nasa sinadarin, yankewar farat ɗaya tana iya faɗar da hawan jini har ta kai ga halaka, a hankali ake sauke shi kuma da sanin likita.