Waiwaye: Gulbin Rima da dokar Sarkin Ruwa

Ruwan da ya bi ta arewacin birnin Sakkwato haɗuwar gulabe biyu ce, wato Gulbin Sakkwato da ya taso daga wajen Funtuwa da Gulbin Rima da ya gangaro ta ƙasar Gobir, daga nan ya nufi Argungu da Birnin Kebbi har ya faɗa Kwara. A kusa da wannan gulbi Kanta, sarkin Kabi, ya gina birnin Surame a ƙarni na 16, kuma a bakinsa Alƙalawa take, babban birnin Gobirawa da masu jihadi suka ci a 1808.

Masuntan Kabawa sun daɗe suna ganin gulbin da kwarjini. Sun yi imani cewa iskoki na zaune a cikinsa, don haka ba a shiga wasu gurabe sai an yi gyaran ruwa, wato yanka don neman yardar iskokin, Sarkin Ruwa kuma ya ba da izini, domin shi ake dogara da shi wajen kawar da kadoji daga hanyar masu su. Malaman jihadi sun yi tir da yanka don iskoki, suka kira shi shirka, amma dokar rufe ruwa, wato hana kamun kifi a wasu gurabe na wani lokaci, ta wanzu, kuma a ganina ita ce ta fi komai amfani a cikin al'adar, saboda ita ke ba giwan ruwa da tarwaɗa da karfasa damar hayayyafa kafin a saka homa, wato ragar kamun kifi.

A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, aka yi masa babban su a kogin Matan Fada don tabbatar da ƙarshen gabar da ke tsakanin Sakkwato da Kabi. Daga nan bikin kamun kifi ya samo asali, wanda UNESCO ta sa cikin al'adun gado na duniya a 2016.

Abin da ya fi sauya gulbin shi ne madatsun ruwa. Tun da aka kammala ta Bakolori a 1978, ta Goronyo ta biyo baya, ambaliyar da ke cika fadamu kowace damina ta ragu, alhali a cikin waɗannan fadamun kifi ke zuba ƙwai. Wani lokaci kuma ruwan kan zo da yawa a tashi ɗaya, kamar a 2010 da ambaliya ta cinye gonaki, ta kuma yanke hanyar zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.